Daga Teburin Akawu: Mai Tsohon Babur, Fara Da Ƙafafu

Jama'a, ga hunturu ya kankama, motocin hukuma sun fara watsa gishiri a Grand Concourse, masu babur kuwa kowa ya ja nasa ya lulluɓe sai bazara. To, wannan shi ne lokacin gyara, ba ranar da rana ta fito abokai su ke jiranka a bakin titi ba. Tun fitowar da ta wuce mutum uku su ka tare ni da magana iri guda. Ɗaya ya sayi Honda CB350 a hannun wani tsohon Bature can bayan gari, ɗaya an bar masa gadon BSA a Kumasi yana so ya ɗauko shi, na ukun kuwa yaro ne da ya tsinci wani Triumph a garejin maigidansa, an ce ya ɗauka in ya iya ta da shi. Dukansu abin da su ke tambaya shi ne inji da fenti. Ba wanda ya ce uffan a kan ƙafafu da fok, watau sandunan nan biyu da ke riƙe da ƙafar gaba.

Ni kuwa a ganina an juya abin. In inji ya mutu maka a hanya, iyakarta ka sauka ka tura, ka sha dariyar yara. Amma in wilin gaba ya karye, ko kan babur ya kama kaɗawa kana tsakiyar tireloli a Cross Bronx Expressway, wannan ba zancen turawa ba ne, zancen asibiti ne ko abin da ya fi asibiti. Ƙarfen da ya shekara hamsin yana ajiye, ba ka san abin da tsatsa ta yi masa a ɓoye ba sai ka buɗe.

Kafin ka taɓa sifana, duba takarda. Na sa wannan a gaba domin aikinmu ne na ofis, kuma domin nan ne kuɗin mutane ke nutsewa. A jihar New York, babur ƙirar 1973 zuwa sama yana da takardar mallaka tasa ta musamman, dole mai sayarwa ya sa hannu a kanta ya ba ka. Ƙirar 1972 zuwa ƙasa kuwa ba a ba shi wannan, takardar rajistarsa ce a ke sa hannu a baya a miƙa wa mai saye. Honda CB350 an yi shi daga 1968 zuwa 1973, watau ya taka iyakar nan, sabo da haka ka tabbatar da shekarar naka, ka kuma gwada lambar da a ka buga a wuyan firam da wadda ke cikin takarda, harafi da harafi. Mai ɗauko gado daga gida, dokar Amurka ta sassauta wa abin hawan da ya kai shekara 25, ba a neman ya cika sharuɗɗan ƙira na zamani, amma takardun kwastan da shaidar mallaka tun daga Tema har tashar Newark kada ɗaya ta ɓace. Babur maras lamba a birnin nan ba shi da tsawon rai. A watan Yuni na 2022 magajin gari na lokacin, Eric Adams, ya tsaya a Brooklyn katafila ta bi ta kan babura kusan ɗari da 'yan sanda su ka kama, ta niƙe su a gaban masu ɗaukar hoto. Katafila ba ta san Triumph daga tarkace ba.

Sa'an nan kayan aiki. Baburan Ingila na da, irin su BSA da Triumph da Norton da Matchless, notocinsu ba awon mita ba ne, ba kuma awon incin Amurka ba ne. Awo ne na Whitworth, wanda wani injiniya Joseph Whitworth ya tsara tun 1841, da 'yan'uwansa na ƙirar keke. Sai wajen ƙarshen shekarun 1960 su ka fara komawa awon da Amurka ke amfani da shi, har a kan sami babur guda mai noti iri biyu. Sifanar da ka saya a kantin Burnside za ta shiga kamar ta yi daidai, da ka ja sai ta murje kan notin. Fitocin Magazin na Suame sun san wannan tun kakanninsu, amma yaro mai gyaran mota a Jerome Avenue bai taɓa jin sunan ba. Na Japan kuma nasu tarkon a sukurori ya ke: kansu mai gicciye ne kamar na Phillips, amma ƙirar Japan ce dabam, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Nemi sukuddireban da a ka yi dominsu, in ba haka ba kowane sukuru sai ka huda shi kafin ya fita.

Wurin aiki ma abin dubawa ne. Mu mazauna benaye ne, kuma na san al'adarmu ta gida, a zuba fetur a kwano a wanke boris. Kada wanda ya yi wannan a ɗaki ko a gidan ƙasa kusa da tukunyar ɗumama bene. Ba mu manta da gobarar Twin Parks ta ran 9 ga Janairu 2022 ba, nan kusa da mu a titi na 181, inda mutum 17 su ka rasu, yawancinsu 'yan'uwanmu na Gambiya. Na'urar ɗumama ɗaki ce ta tashe ta, hayaƙi kuwa shi ya yi kisan. Tsiyaye tanki a waje, ka ajiye babur inda mai kula da bene ya yarda. Ƙafa da fok su a ke kwancewa a hau da su sama, ba su da fetur, ana iya aikinsu a kan tsohon bargo a tsakar ɗaki in uwargida ta yi haƙuri.

To, mu zo ga ƙafa. Abu huɗu ne a haɗe: hob, watau cibiyar da aksul ke ratsawa; wili, zoben ƙarfen nan da yaran zongo ke garawa da sanda; wayoyin sifok da ke ɗaure su; da ƙananan notocin da ke bakin kowace waya. Cire taya da tiyub da robar da ke rufe kan notocin, ka duba cikin wilin. Nan ne gaskiya ta ke. Waje yana iya sheƙi kamar sabon sule, ciki kuwa ruwan da ya shiga ta ramukan waya ya kwanta shekara da shekaru ya ci ƙarfen. Goge da burushin ƙarfe. In tsatsar ta sama ce, ka shafa maganin tsatsa da fenti, wilin ya ci gaba da aiki. In kuwa ka ga ƙarfe yana ɓarewa falle falle, ko bakin rami ya tsage, ko ka danna da tsinin sukuddireba ya lotsa, wannan wili ya gama. Babur ɗin da ya zauna a Ankara, iskar teku ta Nima da Mamobi ta daɗe tana lasarsa, na Tamale da Kumasi sun fi shi sa'a. Kada ka kai wili mai ciwo a sake masa farin kurom. Masu wannan aiki sai sun kankare ƙarfe kafin su shafa, ka ga ka biya kuɗi an ƙara masa sirantaka.

Yanzu ga inda na ke so a saurara da kyau, domin a nan ne mai gaggawa ke ɗaukar almakashin ƙarfe ya datse wayoyi duka cikin minti biyar, sa'an nan ya zauna wata uku yana kallon hob da wili bai san yadda su ke a da ba. Kafin ka kwance ko waya ɗaya, ɗauki hoton ƙafar ta dama da ta hagu, kusa da nesa. Ƙidaya wayoyin. Manyan baburan Ingila 40 su ke da su, ƙanana da matsakaitan Japan yawanci 36, amma Honda CB750 na 1969 shi ma 40 ne. Duba waya nawa kowace waya ta gitta kafin ta kai wili, biyu ko uku, ka rubuta. Ɗaura zare a wayar da ke kusa da ramin bawul, ka yi alama a ramin hob ɗin da ta fito. Sa'an nan babban awo: ba kullum wili ke zaune a tsakiyar hob ba. Masu ƙira su kan karkata shi gefe guda domin birki ko sarƙa su sami wuri. Kwantar da ƙafar, ka aza miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar diram, watau kwanon birki, ka auna tazarar da ke tsakaninsa da bakin wili a wuri uku ko huɗu. Rubuta a takarda, ka kuma rubuta da alli a bango. Wanda ya rasa wannan awo zai ɗaura ƙafa mai kyaun gani, amma ta gaba da ta baya ba za su bi sawu ɗaya ba, babur ya riƙa tafiya kamar kaguwa.

Tsofaffin wayoyi, a ganina, ba abin riƙewa ba ne. Na san akwai masu cewa kome na asali ya fi daraja, kuma ga wanda zai ajiye babur a falo baƙi su yi kallo, gaskiyarsu. Amma waya tana gajiya a wuyanta, inda ta lanƙwasa ta shiga hob, kuma ba ta yin sallama kafin ta tsinke. In ɗaya ta tafi, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, su ma su bi. Duk da haka kada ka yar da su duka. Kwance aƙalla ɗaya daga kowane iri lafiya lau, domin a ƙafa guda a kan sami waya iri biyu har huɗu: ta ciki da ta waje lanƙwasar wuyansu dabam, ta gefen birki kuma ta kan fi ta ɗaya gefen gajarta. Su ne samfurin da za ka gwada sababbi da su. Akwai kamfani a Azusa ta jihar California, Buchanan's, sana'arsu ke nan, ka faɗa masu irin babur da shekara su yanka maka. In za ka sayi sabon wili, ka sani ramukansa ba a miƙe a ke huda su ba, kowane rami yana kallon inda wayarsa za ta fito, gwargwadon faɗin hob. Wili mai rami 40 na Norton ba lalle ya hau hob na Triumph ba ko da ya ke lissafin ramuka ɗaya ne. Faɗinsa kuma a rubuce ya ke a jiki: WM2 inci 1.85 ne, WM3 inci 2.15.

Masu sayen waya ta farin ƙarfe marar tsatsa sun yi dabara, musamman a garin gishiri irin wannan. Sharaɗinta ɗaya, a shafa wa haƙoranta man da a ke sayarwa tare da ita, in ba haka ba noti ya kan cije wa waya tun ba a gama ɗaurewa ba, ba gaba ba baya.

Saƙar kanta ba ta kai yadda a ke tsoronta ba. Wanda ya taɓa kallon mai gyaran keke a bakin kasuwar Asawase ya ga rabin aikin. Wayoyi ƙungiya huɗu ne, tara tara in 36 ne, goma goma in 40 ne, kowace ƙungiya kuwa tana shiga rami ɗaya ta tsallake uku. Fara da na ciki, domin in ka sa na waje tukuna za su tare masu hanya. Kowace waya ka kama ta da noti zagaye biyu ko uku kawai. In ka ga waya na neman sai an tanƙwara ta kafin ta kai raminta, tsaya, ba ita ce da laifi ba, ko wilin ka juya shi baibai ko ka fara daga ramin da ba shi ba. In an gama saƙa, bi notocin duka ka shigar da su daidai wa daida, har haƙoran da su ka rage a waje su zama ɗaya a kowace waya.

Daidaitawa ita ce mai cin haƙuri. Sa aksul, ka ɗora ƙafar a kan fok ɗin babur ko a tsakanin katako biyu, ka kafa wata 'yar waya ko alli kusa da bakin wili, ka juya. Karkata iri biyu za ka gani: tsalle, watau wili na hawa yana sauka kamar ƙwai, da kaɗawa dama da hagu. Fara da tsalle. Inda ya yi tudu ka ɗaure wayoyin wurin na gefe biyu, bayan ka sassauta na inda ya yi kwari. In tsalle ya kwanta sai ka koma kan kaɗawa: wurin da ya karkata dama, sassauta wayoyin da su ka fito daga gefen dama na hob, ka ɗaure na hagu. Rubu'in zagaye a lokaci guda, ba fiye ba, kuma waya uku ko huɗu tare, ba ɗaya tilo ba. Kowane ɗan lokaci ka koma ga awon nan da ka rubuta a bango. Littattafan Honda sun ba da iyakar milimita 2, amma wannan iyakar tsohuwar ƙafa ce da ke kan hanya. Sabuwar saƙa ka nemi ƙasa da milimita 1. Akwai wuri guda da a ka yi waldar wilin tun a masana'anta, a nan alli zai ɗan yi tsalle ko ka kwana kana murɗawa, ƙyale shi. Daga ƙarshe ɗauki sifana ka bi wayoyin kana bugawa. Mai ɗauri tana ƙara siririya, sakakka kuwa sai ta ce ƙwal kamar fasasshen kwano. Kunne ya fi ido a nan. Shafa yatsa a cikin wili, duk wayar da ta leƙo ta wuce kan noti ka goge ta da magagari, ka sa sabuwar robar rufi, in ba haka ba tiyub ɗinka ba zai kai Fordham Road ba.

Wanda ya ga ba zai iya ba, babu kunya a kai wa gwani. Sai dai gwanayen sun yi ƙaranci a kusa. Garejojin da ke ƙarƙashin jirgin lamba 4 na motoci ne, su ma tun da hukumar birni ta sake tsarin gine-ginen Jerome a 2018 su ke ta raguwa. Tsohon mai gyaran keke ya fi makanikin mota sanin wannan aiki. Kome za ka yi, awon karkatar nan da hotunan su tafi tare da ƙafar.

Boris na cikin hob kada ka tsaya wanke shi, sabo ba shi da tsada, lambarsa kuwa a jikinsa ta ke, kowane kantin boris ya san ta. Zoben da ke tsare shi ne ke da wayo. A ƙafar gaba ta Triumph haƙoransa na hagu ne, in ka juya yadda ka saba ƙara ɗaure shi ka ke yi. A Honda kuma an dandaƙe bakin zoben a wurare domin kada ya kwance, sai ka ɗan huda wuraren kafin ya juya, in ba haka ba ya cinye haƙoran hob. Ɗumama hob, ka sa sabon boris a firij ya kwana, sai ya shiga da ɗan bugu kaɗan, bugun kuma a zoben waje kaɗai. Kada ka manta bututun da ke zama tsakanin boris biyu.

Birki. Ƙurar da za ka tarar cikin diram na tsohon babur sau da yawa ta asbesto ce, tana kama huhu, kuma cutarta sai bayan shekaru ta ke fitowa. Kada ka hura ta da baki ko da famfo. Jiƙa tsumma ka goge, ka ƙulle a leda, yara kuwa su fita daga ɗakin. Takalman birki ka sake su ko da ka ga da sauran nama, domin gam ɗin da ya manne su ya tsufa, fatar ta kan ɓalle ta cushe ƙafa tana cikin gudu. In diram na bukatar a sassaƙe shi ya koma da'ira, sai bayan an gama saƙa da ɗauri, domin jan wayoyi ya kan ɗan motsa shi. Af, mai BSA da mai Triumph, ku tuna na Ingila kafin 1975 giya a ƙafar dama ta ke, birkin baya a hagu, akasin abin da ku ka saba.

Taya kuwa ba a duban zanenta kaɗai, a duba haihuwarta. Bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko mako, biyun baya shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In lamba uku ka gani, an yi ta kafin 2000, ta zama katako ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Sayi awon da masu ƙira su ka sa. Samari na son faffaɗar taya domin ado, amma taya mai faɗi a siririn wili tana tsukewa, babur ya ƙi kwana.

Mu hau sama zuwa fok. Irin wannan mai shiga da fita da mai a ciki, kamfanin BMW na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1935, Matchless na Ingila ya sa wa baburan soja a 1941, bayan yaƙi kowa ya bi. Sanda ce mai santsi tana shiga cikin kube, da sifirin mai ɗaukar nauyi, da mai wanda a ke tilasta wa bi ta ƙananan ramuka domin ya hana sifirin yin tsalle, da sil na roba mai tare man. Tokare babur sosai ta ƙarƙashin inji kafin ka cire kome. Sassauta murfin saman kowace sanda tun tana kame a jikin babur, domin in ta fito ba ka da abin riƙe ta. A irin da sifirin ke ciki, danne murfin da tafin hannu sa'ad da ya zo haƙorin ƙarshe, kuma kau da fuskarka, ya kan tashi kamar harsashi. In akwai ƙusa a gindin kube, ita ma sassauta ta tun sifirin na danne da abin da ta kama, in ba haka ba sai ta yi ta juyawa da shi. Yi ƙafa ɗaya ka gama kafin ka buɗe ɗayar, ta zama maka littafi.

Abin da zai fito daga ciki ba zai yi kama da mai ba, toka-toka ne mai wari, rabinsa ruwa. Wanke kome da kananzir a waje, ka bi ƙananan ramukan da siririyar waya. Sa'an nan gwaji biyu ga sanda. Na fari, mirgina ta a kan gilashin tebur. In ta yi ɗingishi, ko haske na ɓullowa yana ɓacewa a ƙarƙashinta, ta lanƙwashe, babur ya taɓa karo ko da mai sayarwa ya rantse. Iyakar da Honda ta yarda da ita milimita 0.2 ce, abin da ido ba ya gani sai gilashi ya nuna. A gida a kan miƙe ta da jak a ci gaba da tafiya, na kuwa san dalili, sabuwa ba ta samuwa. A nan tana samuwa, kuma wadda ta yi ƙugu ko ɗan layi a wurin lanƙwasa ba ta miƙuwa har abada. Na biyu, bi da farce inda sil ke hawa da sauka. Kowane ɗan ramin tsatsa da farce ya kama, wuƙa ce ga sabon sil, cikin mako biyu mai zai zubo, kuma inda ya ke gangarawa shi ne kan birkin gaba. Rami ɗaya ko biyu ƙanana a kan cike su da gam mai ƙarfi a goge da samfefa mafi laushi. In sun yi yawa sai sabuwar sanda, ko a kai masu kurom mai tauri na injuna, waɗanda ke shafawa su kuma goge ta koma awonta daidai. Kurom na ado irin na madubi ba ya wannan aiki. Ka leƙa kuma ƙarƙashin kunnuwan da ke riƙe fitila da cikin robar nan mai kama da zugazugi, can ruwa ke ɓuya, can ne sanda ke ruɓewa ba a gani.

Auna tsawon sifirin biyun. In sun bambanta, ko sun gaza abin da littafi ya ce, a sake su tare. Sabon sil ka shafa masa mai, ka rufe bakin sanda da leda kafin ka zura shi, fuskar da ke da rubutu tana kallon sama. Man fok kuwa bi littafin babur ɗinka a kan yawansa, ka auna da kwalbar awo, dama da hagu daidai. Littattafan da su kan ce a zuba man inji, wasu na Honda su ce man giyar mota mai canja kanta; yau akwai man da a ka yi domin fok, ya fi su jure sanyin Fabrairu.

Tun da fok na ƙasa, kada ka mayar ba ka buɗe wuyan babur ba. 'Ya'yan boris na wurin a sake su ke, ba keji, da ka sassauta babban noti za su zubo su bi ƙarƙashin kujeru. Shimfiɗa zane tukuna. A CB350 da CB750 guda 18 ne a sama, 19 a ƙasa, kada ka ga gurbi ka ce ɗaya ya ɓace ka cusa ƙari. Duba mazauninsu. Shekarun faɗawa ramuka sun sa kowane ɗa ya haƙa wa kansa gurbi, shi ya sa kan tsohon babur ke maƙalewa a tsakiya, ka juya ya ƙi, sa'an nan ya tafi gaba ɗaya. Akwai boris na zamani mai kamar mazurari da ke shiga wurin, ba a ganinsa daga waje, ko masu son kayan asali ba su da ta cewa. Ɗaurinsa shi ne: ƙafar gaba a sama, ka ɗan taɓa kan babur ya faɗi dama ko hagu da kansa a hankali, ka kuma kama gindin fok ka ja gaba da baya ba ka ji ƙwas ba.

Wajen mayarwa, ɗaure daga sama zuwa ƙasa. Sandunan biyu su tsaya tsawo ɗaya a mariƙin sama. Sa ƙafa da aksul, amma bar notocin ƙasa sake-sake, ka sauke babur, ka kama birki ka danna kan sau biyar ko shida domin kome ya nemi mazauninsa, kāna ka ɗaure. Murafun da ke kama aksul a Honda suna da gaba da baya, notin gaba a ke fara ɗaurewa, 'yar tazarar ta rage a baya. Ja zare biyu daga tayar baya zuwa ta gaba, dama da hagu, ka ga ko tazara ɗaya ce. Bayan mil ɗari na fari ka sake bin wayoyi da sifana kana saurare, domin sababbi su kan zauna su saki.

Rajistar babur a jihar nan duk ran 30 ga Afrilu ta ke ƙarewa, ko yaushe ka yi ta, kuma sai da inshora. Ana duba lafiyarsa sau ɗaya a shekara a tashar da ke da izinin duba babura, ba kowace tashar mota ba, sabo da haka ka tambaya tun Maris kafin layi ya yi tsawo. Lasin mai harafin M, da hular kwano, wadda New York ta wajabta tun 1967. A fitowa mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu buɗe tanki da kafireto.